Gyaran da Aka Yi wa Motar Barau

Jama'a, yau na yi sammako na je karɓar laifina, aka ce ba na cikin lissafi.

Ba wasa nake yi ba. Tun da aka idar da sallar asuba na tura babur ɗina gidan mai, na tarar layi ya zagaya har bayan masallaci, na bi. Muka kai hantsi muna matsawa taku-taku. Sai da ya rage saura mutum uku a gabana mai ba da man ya rataye bututu, ya ce inji ya yi zafi, sai ya huta. Inji ya huta a inuwa, mu muka ci gaba da tsayuwa a rana. A ƙarshe na sayi na kwalba a bakin titi, wanda Allah kaɗai ya san abin da aka haɗa a ciki, na kama hanya daga Tudun Kaya zuwa cikin Karaye sanye da shaddata ta Juma'a, babur yana tari ina ba shi haƙuri. Duk wannan wahala don in tsaya gaban wani kwamiti in ce ni ma da hannuna a abin da ya sami maƙwabcina Barau. Da na isa bakin ƙofar ɗakin taron, wani mai kati a wuya ya duba takardarsa sama da ƙasa, ya dube ni, ya ce, "Baba, sunanka ba ya cikin masu laifi. Sai dai ka jira a waje."

Kun ji fa. A ƙasar nan har laifi sai kana da hanya.

Bari in koma baya, don kada ku ce Mijinyawa ya fara zarewa. Barau direba ne, katangarmu ɗaya. Shekara ashirin da biyu yana riƙe da sitiyari, uku na ƙarshe a wata tsohuwar gingimari ta wani bawan Allah da za mu kira Alhaji Mai Motoci, Allah ya ƙara masa tayoyi. Barau ba shi da gona ko ta shuka kuɓewa. Lasisinsa na tuƙi, wanda yake naɗewa a leda biyu ya sa a aljihun gaba, shi ne gonarsa, kuma mutum tara ne suke ci daga ciki. Wannan lasisi ne aka riƙe mako uku da suka wuce, kuma yau ne ranar da za a faɗi ko za a mayar masa.

Tun kafin a fara cire gyaɗa birkin motar ya fara yi wa Barau gardama. Ya gaya wa Alhaji sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Alhaji ya ce kaka ta yi, mota ba ta da lokacin kwanciya a gareji, a bari a ga bayan kaya. Barau bai daina naci ba, har ranar da za su ɗauki lodi a Jajaye Alhaji ya ce masa, "To shi ke nan, mai ƙorafi. Na ba da umarni, kafin ta tashi za a yi mata gyara." Barau ya yi godiya har da cire hula. Ni da kaina na ga fara'arsa a safiyar, yana cewa ashe Alhaji yana da tausayi, mutane ne ba su fahimce shi ba.

Kuma ba ƙarya Alhaji ya yi ba, ya ba da umarnin. Ya ɗauki waya ya yi saƙon murya ya ce, "Kafin motar Barau ta tashi, a tabbata an yi mata gyara." Sai dai ba wa bakanike ya tura ba. Sulle ya tura wa, shugaban 'yan dakon Jajaye, mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa riƙe sufana ba. To kun san Hausa. Gyaran bakanike daban, gyaran kasuwa daban, wanda idan ka sayi kwano goma na gero mai awo zai ƙara maka tafi ɗaya don ka dawo gobe. Sulle gyaran kasuwa ya sani. Motar buhu ɗari da ashirin take ɗauka. Ya sa aka jera mata ɗari da ashirin cif, sannan ya yi mata gyaran buhu talatin.

Ina wurin, domin mai ɗakina Turai 'yar Jajaye ce, kuma na je kwaso ɗan abin da muka samu a gonar surukai. Na ga Barau ya zagaya motar, ya tsugunna ya leƙa ƙasa, ya miƙe yana tambaya ina bakaniken da aka ce zai zo.

"Wane bakanike?" in ji Sulle. "Gyara aka ce, ga gyara nan a sama kana gani."

Barau ya kira Alhaji, waya a kashe. Ya sake kira, a kashe. Sai ga Babban Dillali, mai gyaɗar, ya iso cikin babbar riga yana duba agogo. Ya ce kamfanin matsar mai da ke birni yana rufe ƙofa da la'asar, kuma motar da ta makara sai ta kwana uku a waje kafin a sake duba ta. "Kai dai Barau ka lallaɓa. Yau ka fara? Birki ai na mai tsoro ne."

Nan ne ni kuma, mai ba mutane shawara a jarida, na matsa kusa da Sulle na yi ƙasa da murya. Na ce ina da buhu biyu da nake so su isa wurin 'yata da ke aure a birni, ko za a ɗan ɗora mini a sama, buhu biyu ai ba kaya ba ne. Sulle ya yi wa mutanensa ido, aka cilla su. Barau ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam Mijinyawa, har da kai?" Na yi dariya na ce Allah ya kiyaye hanya. Har yau idan na tuna wannan dariyar kunya ce take rufe ni.

Aka ɗaure tamfol. Wani ɗan dako mai suna Lukumanu, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya hau can ƙololuwar kaya ya zauna, domin kamfani ba ya ba da masu saukewa, kuma gaban mota wakilin Dillali ya cika shi da jikinsa da jakarsa. Suka tashi. A hanya suka tarar da mutanen shinge, masu katako mai ƙusoshi, waɗanda aikinsu ke nan su duba ko lodi ya wuce ƙa'ida. Kuma sun duba, a ba su haƙƙinsu. Sun ɗaga kai sun dubi kayan har hular ɗaya ta faɗi, suka ce lallai bana gyaɗa ta yi albarka, aka ɗebar musu kwano biyu, suka janye katako.

Bayan an wuce Beli akwai wata gangara, a ƙasanta akwai kwalbati da ruwa ya cinye rabinsa tun daminar bara waccan. A gefensa akwai allo mai kyau da ke cewa an kammala aikinsa. Barau ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. A bakin kwalbatin ga mata da ƙwarya a ka suna tsallakawa. Sai ya murɗa sitiyari ya faɗa gonar dawa, motar ta yi tangal-tangal ta kwanta a gefe ɗaya. Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Amma Lukumanu ya zo ƙasa, buhuna suka biyo shi, ƙafarsa ta karye wuri biyu.

Ni ina tafe a baya a kan babur, na iso na tarar Fulanin rugar da ke kusa sun bar shanu sun rugo, su da Barau suna ɗaga buhuna daga kan Lukumanu. Na sa hannu. Buhu na uku da na ɗaga, sai na ga sunana a jiki, da shunin da na rubuta da hannuna. Na ajiye shi gefe na ci gaba da ɗagawa. Aka kai Lukumanu wurin mai ɗori, aka tafi da Barau ya kwana biyu a inda ba a kwana da son rai, aka riƙe lasisinsa.

Ana cikin haka sai muka ji albishir a rediyo. Wai an kafa Kwamitin Tabbatar da Lafiyar Kaya da Masu Ɗaukar Kaya da Masu Jiran Kaya, kuma shugabansa, Mai Girma Jagoran Zama, ya yi bayani da murya mai daɗi kamar ta mai tallar magani. Ya ce zamanin ɗora wa direba komai ya wuce. Ya ce daga yanzu duk wanda hannunsa ya taɓa kaya, daga gona har ƙofar kamfani, yana da kaso a laifi idan abu ya lalace: mai kaya, mai mota, mai lodi, wanda ya yanka lokaci, wanda ya ga ɓarna ya kau da kai. Ya ce da maganar motar Barau za su buɗe aiki. Wallahi sai da na miƙe tsaye na tafa wa rediyo. Na leƙa ta katanga na ce, "Barau, ka kwantar da hankalinka, mu da yawa ne. Idan aka raba, abin da zai zo kanka bai fi cikin cokali ba."

Turai tana tankaɗe ta ce, "Malam, wa zai yi rabon?"

Na ce kwamiti mana.

"Su waye a kwamitin? Akwai direba?"

Na ce ke ba ki san harkar mulki ba. Ta ce haka ne, ita tuwo ta sani, kuma ba ta taɓa ganin mai rabon nama ya manta da kwanonsa ba. Na ce ni dai zan je in karɓi kason buhuna biyu, ko Barau zai sami sauƙi.

To kun ji abin da ya kai ni, kun kuma ji yadda aka tare ni a ƙofa. Amma Allah ya sa ɗakin taron yana da taga ta baya wadda ba ta rufuwa sosai, nan na jingina babur na kafa kunne da ido.

Dole in yaba wa kwamitin nan, don ni ba na hana mutum yabonsa. Mutum biyar ne, amma da mota bakwai suka zo, don kada wata ta lalace a rasa ta komawa. An ce ƙarfe tara, suka shigo sha ɗaya da rabi, wanda ya nuna ba sa gudu a hanya. An raba wa kowa jaka da hula da gorar ruwa, duk an buga musu rubutu cewa lafiya nauyin kowa ce. Gabatar da manyan baƙi kaɗai ya ci minti arba'in. Lukumanu, wanda ƙafarsa ce ta tara taron, ba a gayyace shi ba, wai don kada a wahalar da shi.

Wakilin kamfani ne ya fara. Ya ce su lokaci kawai suka ba da, ba su ce wa kowa ya yi sauri ba, kuma kamfaninsu yana da takarda mai shafi goma sha shida a kan darajar ran ɗan Adam. Aka karɓi takardar da hannu biyu. Babban Dillali ya ce shi gyaɗa ya sani, bai san mota ba, ko keke bai iya ba. Mutanen shinge sun aiko da uzuri, suna bakin aiki. Da aka zo kan kwalbati, sakatare ya buɗe fayil ya ce a rubuce an kammala shi, saboda haka ba za a tattauna ramin da ba ya cikin fayil ba.

Sai Alhaji Mai Motoci ya miƙe, ya gyara zaman rawaninsa, ya ce shi ba zai yi dogon bayani ba. Ya ciro waya ya kara a abin magana. Muryarsa ta cika ɗakin: "A tabbata an yi mata gyara." Ya sake kunnawa. Jagoran Zama ya girgiza kai cikin sha'awa ya ce da duk masu motoci haka suke, da ba a kafa kwamiti ba. Aka yi tafi.

Aka kira Sulle. Yana tsaye yana murza hula a hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, ni gyaran da na sani shi na yi. Shekara goma sha ɗaya duk kaka Alhaji yana turo mini wannan saƙon, kuma wannan gyaran nake yi, bai taɓa ce mini na yi kuskure ba."

Ni a bayan taga na ce yawwa, an zo wurin. Tambaya ɗaya ta rage, wadda ko mai tallar goro zai iya yi: idan birki kake so a gyara, me ya kai saƙonka wayar mai ɗaukar buhu? Amma Jagoran Zama ya yi gyaran murya ya ce ba tarihi aka zo karantawa ba. Maimakon haka suka shiga muhawara a kan ma'anar kalmar. Awa guda cur ana yi. Wani ya ce a kakanninsa gyara ƙari ne, wani ya ce a makarantar da ya yi gyara kanikanci ne, na ukun ya ce a kafa ƙaramin kwamiti. A ƙarshe aka sami Hausa da laifin ajiye ma'ana biyu a kalma ɗaya. Amma tunda Hausa ba ta da adireshin da za a kai mata sammaci, aka wuce gaba.

Gaba kuwa Barau ne. Ya tsaya da rigar da Turai ta goge masa a gidanmu, don nasu dutsen gugar ya lalace.

"Malam direba," in ji Jagoran Zama, "ka ga lodi ya wuce ƙa'ida?"

"Na gani, ranka ya daɗe."

"Ka san birki ba shi da lafiya?"

"Ni na faɗa, ranka ya daɗe. Sau biyar."

"To me ya hana ka ka ce ba za ka tuƙa ba? Ƙa'ida ta ba ka dama ka ce a'a."

Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda yake tuƙa motar nan kafin ni ya taɓa cewa a'a. Washegari aka ba ni makullinsa. Yanzu rake yake sayarwa a tasha, idan kuna son ganinsa zan kai ku."

Ba wanda ya so ganinsa. Sakatare ya tambaya ko a rubuta wannan, aka ce ba amsa ba ce, labari ne. Ni kuma abin ya ci ni, na kasa daurewa, na cusa kai ta taga na ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, buhu biyu a ciki nawa ne! Ni na roƙa aka ɗora!" Duk ɗakin ya juyo. Jagoran Zama ya dube ni ta saman tabarau, ya ce wa mai kati a wuya a ja tagar can, sanyin na'ura yana fita. Aka ja, saura kaɗan a haɗa da hancina.

Sauran a bakin Sulle na ji da aka fito. An raba laifin, kamar yadda aka yi alkawari, kowa ya sami kasonsa. Kamfani an shawarce shi ya ci gaba da kula da ran ɗan Adam. Dillali an ja hankalinsa. Alhaji an roƙe shi ya riƙa fayyace magana idan zai yi saƙon murya. Sulle an yi masa gargaɗi. Barau kuwa, tunda shi ne na ƙarshe da zai iya hanawa bai hana ba, an soke lasisinsa na shekara biyu. Ni na sha shiga watanda, na san ko mai ƙaramin kaso yana tafiya gida da tsoka da ƙashi. Ban taɓa ganin wadda aka tara wa mutum ɗaya ƙashin saniya gaba ɗaya ba sai yau. Da za a ɗauki hoton tarihi aka rasa wanda zai riƙe gefe ɗaya na ƙyallen taron, aka ce Barau ya taimaka. Ya riƙe.

Na goyo shi a babur muka dawo. Raina ya ɓaci, kuma rabin ɓacin da kaina nake yi. Bayan la'asar muna zaune a tabarma a ƙofar gidansa, yana ta juya ledar nan biyu da ba komai a ciki, sai ga sallama. Mujahid ne, wani direba daga cikin gari, magidanci, wanda motar da yake ja ta mutu ya yi wata bakwai yana zaune. Ya tsugunna ya gaishe mu, ya yi wa Barau jaje, ya tambayi ƙafar Lukumanu, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sai ya shiga zanen ƙasa da tsinke.

"Faɗi abin da ya kawo ka," in ji Barau.

"Yaya, Alhaji ne ya kira ni. An tayar da motar, an buga bodi, har an yi fenti. Na ce ba zan karɓa ba sai na zo na gaya maka da bakina."

"Birkin fa?"

"Ya ce a bari a ga bayan kaya."

Na buɗe baki zan yi wa Mujahid huɗuba, sai Barau ya ɗaga mini hannu. Ya matsa ya ba shi wuri a tabarma, ya ce, "Zauna ka ji. Ba ta kamawa a taku ɗaya. Sai ka taka ka saki, ka taka ka saki, a na uku take tunawa da aikinta. Idan lodi ya yi yawa, a na huɗu. Gangaren bayan Beli, kada ka jira ka ga kwalbati. Akwai wata ɗorawa a hannun hagu tun kafin a fara sauka, daga nan za ka sa ta a giya ta ɗaya. Idan ta ƙi, ka ba ta gonar dama, ta hagu akwai rami. Kuma kowa zai hau saman kaya, ka ce ya zauna ta gefen hagu, don ta dama take kwanciya."

Mujahid yana ta gyaɗa kai yana maimaitawa kamar mai ɗaukar karatu. Na zauna ina kallonsu. Duk cikin masu hannu a kayan nan, daga gona har ƙofar kamfani, yau ne na fara jin wani ya zaunar da direba ya gaya masa yadda zai kai ransa gida, kuma wanda ya yi hakan shi ne mutumin da aka buga hatimi ɗazu cewa bai cancanci tuƙi ba.

Jibi Alhamis za su yi lodi a Jajaye. Duk mai wata hidima a gangaren Beli ran nan, ni dai shawarata ya ɗaga ta zuwa Juma'a.